Sunan da Babu Kaya a Bayansa

Kwalin yana kan kantarsa, a ɗaure yadda aka saba ɗaurewa. Da aka sauko da shi aka kwance, sai ga bulo naɗe da tsumma. Kan keken ɗinki ya kamata a tarar. Tsohuwar da ta kawo shi jiya gab da azahar, wadda ake kira Kakar Tagwaye, ta zauna a benci ta dafa gwiwoyinta. Keken marigayi mijinta ne. Suna tashi daga wani gidan haya zuwa wani, shi ya sa ta kawo shi gidan ajiyar kayan surukina ya kwana, kada masu lodi su yi mata jifa da shi.

Ni mai bin sawu ne. Na yi aikin tun ina saurayi har gwiwa ta ƙi. Saniya, akuya, jaki, mutum, duk abin da ya taka ƙasa na bi shi, kuma ba kasafai na dawo hannu rabbana ba. Yanzu ina zaune wurin autata da mijinta. Ina cin abinci a kan lokaci, ina da kujerata a inuwar ƙofar gidan ajiyar, kowa ya zo wucewa ya gaishe ni. Ba ni da ƙorafi. Wannan maganar ma da ban sa baki ba, don dai Dogo ne.

Dogo shi ne mai ɗaukar kaya tun ranar da aka buɗe wurin. Surutu gare shi kamar rediyo, amma ban taɓa ganin ya ɗauki ko tsinken wani ba. Kafin rana ta yi zafi surukina ya fito daga ofis ya tsaya a bakin ƙofa, gaban mai shayi da mai faci da duk wanda ya tsaya kallo, ya ce kwamfuta ta nuna masa Dogo ne na ƙarshen shiga sito jiya. Ya ce in keken bai dawo ba kafin la'asar, Dogo ba shi ba aiki, kuma 'yan sanda za su zo.

Nan take kowa ya zama alƙali. Mai faci ya ce shi dama ya lura Dogo ya sayi sabon takalmi. Mai shayi ya tuna cewa kwanan nan yana sa a ƙara masa madara. Dogo ya dubi wannan ya dubi wancan, ya je ya zauna a kan tsohuwar taya a gindin katanga.

Na tashi daga kujerata. Na ce wa surukina kada wani ma'aikaci ya fita, kuma a kira akawun yamma da Auta. Surukina ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi, don gidan ajiya in aka ce kaya na ɓata a cikinsa, ya mutu ke nan. Ya ce, "To, Baba," ya sunkuyar da kai.

*

Na fara da ƙasa, don ita na sani.

Cikin sito siminti ne, ba ya riƙe komai. Kwalaye duk iri ɗaya ne, jere a kantoci har kusa da rufi, babu suna a jikinsu sai lamba. Wanda bai san lambar ba sai ya wuni yana kwancewa. Kwalin tsohuwar kaɗai aka taɓa. Na riƙe wannan a raina.

Tsakar gidan kuwa an share shi tas. Mai shara ta yi sammakon da ba ta saba ba, kuma tuni mai faci ya fara nuna ta da baki. Na bi sharar daga katanga zuwa ƙofa. Mai ɓoye sawu hanya ɗaya yake dirzawa ya bar sauran wurin. Ita ko'ina hannunta ɗaya, har bayan tankin ruwa inda ba mai zuwa. Na tambaye ta dalilin sammakon. Ta ce 'yarta ce a asibiti za ta haihu, ta so ta gama da wuri ta tafi, ga shi an tsare ta kamar ɓarauniya. Na ce ta tafi. Surukina ya motsa baki, na dube shi, ya fasa.

Tayoyin motar kaya duk jan laka ne, alhali inda aka aiki direba jiya kwalta ce har ƙofa. Na ce ya gaya mini inda ya biya. Ya yi dariya ya ce ni kam ko tururuwa ba ta tsira a hannuna ba. Da ya ga ban taya shi dariyar ba, ya matso ya rage murya. Firjin ƙanensa ya kai masa bayan gada da motar Maigida, don Allah in rufa masa asiri. Na ce ba firji nake nema ba. Motar ta fita kafin azahar a gaban idon akawun safe, ta dawo fanko, shi kuma ya ce a ƙafa ya tafi gida. Ban wanke shi ba, ban kuma kama shi ba.

Akawu biyu ne a wurin, teburinsu ɗaya. Ta safe 'yar guntuwa ce mai kaifin baki. Ita ta shigar da kayan tsohuwar a kwamfuta, Dogo ya ɗaure ya kai kanta. Ta ce in ma sata za ta fara, ba za ta fara da abin da ya fi ta nauyi ba. Na yamma mutum ne shiru-shiru mai tsabta, yana zuwa da babur mai akwati a baya. Ya ce ya karɓi aiki da azahar, ya shiga sito kamar kowa, ya tashi da yamma, kuma bai san tsohuwar ba. Amsarsa ba ta da aibi.

Na je gindin katanga na tambayi Dogo wa ya gaya wa abin da ke cikin kwalin. Ya ce in tambaye shi wanda bai gaya wa ba. Wajen shayin yamma ya ba da labarin duka: sunan tsohuwar, tagwayen, nauyin keken, har da cewa 'ya'yanta suna so su sayar da shi wa 'yan gwangwan. Na ce bakinsa ne zai kashe shi wata rana. Ya ce matarsa ma haka take cewa.

*

Auta ta iso daga wurin aikinta. Ita ta rubuta abin da ke cikin kwamfutar gidan ajiyar, da wani yaren na'ura da ta koya a makaranta. Ni bokona bai wuce in gane lamba da sunana ba. Ita ma ba ta bambance sawun tunkiya da na akuya, saboda haka ba wanda ke raina wani.

Ta tambayi mijinta me ya gani. Ya nuna mata. Kowane ma'aikaci da katinsa na buɗe sito, kuma kwamfuta tana riƙe sunayen waɗanda suka buɗe a ranar. Ya shiga ta wurinta, ya buga umarnin nan guda da ta taɓa nuna masa, sunayen suka fito a jere, Dogo a can ƙasa.

Auta ta matso gaban kwamfutar. Ta sake buga umarnin. Sunayen suka fito, direba a ƙasa. Ta sake, sai ga mijinta a ƙasa.

Ta ce, "Maigida, in kira 'yan sandan, ko za ka je da ƙafarka?"

Akawun safe ta juya baya tana tari. Auta ta yi mini bayani, don ta san ba na son a yi dariya a bar ni a baya. Ta ce wurin da take ajiye sunayen kamar bango ne mai ramuka da yawa. Duk sunan da aka ba na'urar, sai ta yi wani lissafinta ta jefa shi a rami, don in an tambaya ta je kai tsaye ba sai ta bi layi ba. Sunan shi suke kira mabuɗi, bayanin kayan kuma yana bayansa. In ka ce ta zazzago maka mabuɗan duka, tana kwaso su ne yadda hannunta ya kai, ba yadda suka shigo ba. Na ƙasa ba shi ne na ƙarshe ba. Kowa ya shiga sito jiya, iyakar abin da ta sani ke nan.

Surukina ya share gumi. Ya yarda ya yi gaggawa, amma ya ce duk da haka Dogo ne ya ɗora kwalin da kafaɗarsa, shi ya san kantar. Maganar la'asar tana nan.

*

Na jawo kujera kusa da Auta. Na tambaye ta yadda wanda bai ɗauki kwali ba yake gano shi. Ta ce sai ya buga sunan mai kayan, na'ura ta ba shi lambar kanta. Akawu da direba suna ɗaya-ɗaya kawai suke iya tambaya, ba sa ganin sunayen duka. Na ce ko tana tuna wanda ya tambaya. Ta ce a'a. Na ce ko tana tuna lokacin. Ta ce a'a, Baba, ba ta yi mata wannan ba.

Na ce to ta zazzago sunayen masu kaya gaba ɗaya, ta karanta mini.

Ta dube ni kamar za ta ce suna da yawa, sai ta fasa. Ta fara. Makanike, kanta kaza. Mai Littattafai, kanta kaza. Kakar Tagwaye, kanta kaza. Na rufe ido ina saurare. Karatun yana tafiya da takunsa, suna da lamba, suna da lamba. Can sai ta faɗi wani suna ta wuce babu lamba, kamar dabbar da ta ɗingisa taku ɗaya.

"Koma baya. Wannan ina kantarsa?"

"Ba shi da ita, Baba. Fanko ne. Ba komai ba ne."

"Wa ya sa shi?"

Ta ce ba wanda ya sa shi da gangan, halin yaren da ta yi rubutun da shi ne. In ka tambayi na'urar kantar wani suna, sai ta fara neman sunan. In babu shi, maimakon ta tsaya nan, sai ta buɗe masa rami ta leƙa ciki, sannan ta ce maka babu kanta. Ramin kuma ya zauna da sunan a bakinsa, babu kaya a bayansa. Mai tambayar ba ya ganin haka, shi dai an ce masa babu. Ta ce duk ƙarshen mako take share irin su, kuma aibi ne da ta daɗe tana son gyarawa.

Na ce, "Ba yau ba. Ware mini su kaɗai."

Ba su da yawa, don makon bai yi nisa ba. Akwai Mai Kifi, wanda direba ya ce shi ya tambaya, ya manta mutumin ya kwashe kayansa. Sai Matar Tela. Sai Uwar Shago.

Na kira surukina na gaya masa abin da na gani. Wani ya tsaya a nan yana lalube. Ya san tsohuwar, amma bai san sunan da ta bayar ba, ya gwada wannan ya gwada wancan, har zuwa lokacin da Dogo ya yi shelar sunan a wajen shayi. Dogo ba ya bukatar lalube, kuma ko taɓa kwamfutar ba ya yi, yana cewa za ta ja shi. Akawun safe ita ta rubuta sunan da hannunta. Saura direba, da akawun yamma, da shi kansa.

Ya ce, "Har da ni, Baba?"

Na ce ban ga dalilin cire shi ba tukuna.

*

Tsohuwar tana nan a benci, an kawo mata shayi ya huce a gabanta. Na zauna a ɗaya gefen. Mun gaisa irin ta tsofaffi, muka tambayi gwiwa da baya. Sannan na ce mata wa yake kiranta Uwar Shago.

Ta juyo gaba ɗaya. Ta ce rabon da ta ji wannan sunan tun kafin a rufe shagon mijinta, kuma tagwayen da ake kiranta da su ko haifarsu ba a yi ba a lokacin. Masu koyon ɗinki ne suka sa mata shi, don ita ke dafa musu abincin rana. Ba a unguwa ake kiranta haka ba, ba a dangi ba, a shago kawai. Har ta ɗan yi murmushi.

Na ce ko za ta gane su. Ta ce sun yi yawa, wasu sun daɗe wasu sun gudu tun suna koyon sa maɓalli, yanzu duk sun yi gemu, idonta kuma ba na da ba ne. Mutum sai ya zo daf da ita.

Na koma ofis. Na sa aka janye kujerar akawu, na durƙusa da wannan gwiwar tawa a ƙarƙashin teburin. Daɓen an yi masa koren fenti. A inda ƙafa take sauka fentin ya ci, amma ba cin ƙafar mai zama kawai ba. Wuri biyu ne ya goge, na diddige da na yatsu, ƙafa biyu a haɗe, tsakiya kuma fentin yana nan. Ƙafar da ta yi wannan ba ta zama shiru, tana danna gaba tana danna baya. Na sha zama a shagon tela ina jiran rigar da aka ce an gama, na san wannan rawar. Akawun safe ƙafarta ba ta kai ƙasa, a kan kwali take ɗora ta. Direba a tsaye yake buga tambayarsa ya fita. Surukina yana da nasa teburin.

Auta ta kama ni na miƙe. Ta tambayi abin da na gani. Na ce a tara mutane.

*

Na sa aka jera benci a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Na ce a kira mai shayi da mai faci, tunda sun ji farkon maganar. Direba ya zauna, akawu biyu suka zauna, surukina ma na ce ya zauna. Dogo ya ƙi barin tayarsa.

Ba ni da yawan magana, amma ran nan na ja ta da gangan. Na faɗi yadda na wanke mai shara. Na faɗi cewa na ƙasan jeri ba shi ne na ƙarshe ba. Na taɓo lakar motar na bar ta, direba ya sauke numfashi. Sannan na faɗi maganar sunayen da babu kaya a bayansu, a hankali. Duk wannan ban dubi fuskar kowa ba. Ƙasa nake kallo.

Da na ce Uwar Shago, ƙafafun akawun yamma suka haɗu suka fara. Diddige, yatsu, diddige, yatsu.

Na ce, "Malam Akawu, ka daɗe a shagon tela?"

"Ni ban taɓa ɗinki ba, Baba."

"Ƙafarka ta taɓa. Ga ta nan tana yi."

Ya dubi ƙasa, ƙafar ta tsaya. Kowa ya dubi inda ya duba. Tsohuwar ta tashi da ƙyar, ta zo har gabansa, ta sunkuya ta kai fuskarta kusa da tasa. Ta daɗe tana kallo.

"Wanne ne kai a cikinsu?"

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya zame daga bencin ya durƙusa.

"Ni ne nake zuwa karɓo abinci, Uwar Shago."

Sauran ya faɗa kansa a ƙasa. Jiya da ya zo karɓar aiki ya hange ta tana fita, ya gane ta, ya kau da kai, don bai je gaisuwa ba da maigidansa ya rasu. Ya so ya san me ta kawo, ya gwada sunayen da ya sani, na'ura ta ce babu. Da ya ji Dogo yana cewa keken ne, kuma za a sayar wa 'yan gwangwan, sai zuciya ta ɗebe shi. A kan keken nan ya koyi taka ƙafa. Ya jira Dogo ya fita, ya sa keken a akwatin babur, ya maye gurbinsa da bulo. Yana ɗakinsa, ya goge shi, har ya sa masa mai.

Tsohuwar ta ce sakarai ne tun yana yaro, miya ma rabi yake zubarwa a hanya. Don kada a sayar ɗin ne ta raba keken da sauran kaya. Da ya gaishe ta a ƙofa da ya ji. Ta ce ba ta son 'yan sanda, ya je ya kawo mata abinta yanzu. In yana so ya riƙa zuwa yana sa masa mai, ƙofa a buɗe take, tunda babu wanda ya iya a gidan, amma keken ba ya barin ɗakinta.

Ya ɗago zai yi godiya. Na tare shi.

"Keken tsakaninka da ita ne. Tun safe kana zaune kana kallon mutumin can a kan taya. Wannan fa?"

Ban jira amsarsa ba. Direba ya raka shi suka ɗauko keken. Tsohuwar ta juya hannun, ta kasa kunne, ta ce shi ne. Surukina ya sallami akawun daga aiki a ranar. Ban sa baki ba, ba hurumina ba ne.

*

Surukina ya je gindin katanga ya miƙa wa Dogo hannu, ya ce a yi haƙuri, gobe a zo aiki. Yana ganin ya gama. Na ce bai gama ba. Matar mai faci maƙwabciyar matar Dogo ce, kuma labarin ya isa can tun kafin azahar. Inda maganar ta kai, nan zai je ya ɗauko ta.

Muka tafi a ƙafa, ni da shi da Dogo. Mai faci ya ce yana da taya a hannu, na ce za ta jira shi. Gidan Dogo yana cikin wani lungu, ɗaki biyu da igiyar shanya. Matarsa tana tsaye a ƙofa, idonta ja, maƙwabta kuma kowace ta sami aikin yi a bakin ƙofarta.

Surukina ya cire hula. Ya ce shi ne ya yi kuskure, Dogo bai ɗauki komai ba, an sami mai laifin, kuma yana neman gafara. Na ce ta can ƙarshen lungu ba ta ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Mai faci ma ya ce takalmin nan dama ya san tsoho ne, wanki aka yi masa.

Matar ta saurara har ƙarshe. Ta shiga ciki ta fito da ruwa a kofi ɗaya, ta durƙusa ta miƙa mini. Na sha, ruwan da sanyi. Surukina yana tsaye da hularsa a hannu, ya yi tafiyar nan a rana, yana kallon kofin. Ta miƙe ta harɗe hannu.

Dogo ya dube shi, ya dubi matarsa.

"Haba, Maman yara. Ba shi mana."

Ta ɗan tsaya. Sannan ta karɓi kofin daga hannuna, ta koma ciki ta cika shi.